Matan Legas, Ku Kiyayi Mai "Haɗin Kuraje" Ta WhatsApp

Assalamu alaikum. 'Yan uwana mata na Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende, da ku nake. Akwai wata mata da ke tallar haɗin kurajen fuska a WhatsApp da TikTok, tana kiran kanta Dakta. Ba zan kama suna ba, ko na kama ma aikin banza ne, don daga sanin da muka yi mata zuwa yau sau biyu tana sauya sunan shafi. Salon damfarar tata zan bayyana muku, shi ne ba ya sauyawa.

Ƙanwata ce ta faɗa hannunta. Shekararta 22, kuraje sun addabe ta tun tana sakandare, ga bikinta ya matso. Ta tura naira 45,000 a wani asusu mai sunan namiji, washegari mai babur ya kawo kaya: man shafawa kwalba biyu, sabulu, wasu ƙwayoyi a roba babu suna, sai takardar dokokin abinci.

Kwana goma fuska ta yi fes. Ni kaina na ruɗu, har da cewa ta karɓo min nawa. Ashe ganin kitse muke wa rogo. A mako na shida mai ya ƙare, ba a yi kwana huɗu ba sai ga ƙananan kuraje, duk kansu ɗaya, sun feso a goshi da kumatu har ƙirji. Ko ruwan alwala ya taɓa ta sai ta ce kamar an watsa mata barkono. Fuska ta fi wuya haske, kumatu sun yi suntum.

Da ƙanwata ta yi wa Dakta magana, sai ga saƙon murya: "Haba ƙanwata, ai dattin ciki ne ke fitowa. Tsakaninki da Allah, ba ki ci gyaɗa ba?" A nan tarkon yake. Takardar nan ta hana gyaɗa, ƙwai, nama, manja, shinkafa, biredi, taliya, har da wake. To don Allah me ya rage wa mutumin Legas? Ba mahaluƙin da zai iya kiyaye wannan, ita ma ta sani. Duk ranar da haɗin ya juya miki baya, laifin ya koma kanki, sai ta miƙo "mataki na biyu" a kan naira 60,000.

Ba mu biya ba. Na ja ta muka tafi wajen likitar fata a asibitin gwamnati. Kallo ɗaya ta yi mata ta ce wannan aikin sitiroyid ne, irin su clobetasol da betamethasone da masu haɗi ke matsewa cikin man shafawa. Suna kwantar da kumburi da ja nan take, shi ya sa ake ganin kamar an warke, amma suna sirantar da fata, su haifar da nasu kurajen, idan an daina kuma fuska ta yi bore. Ƙwayoyin kuwa, ganin kumburin kumatun ya sa ta yi zargin dangin "sha ka fashe" ne, wato dexamethasone. Ta ja mana kunne cewa wanda ya yi makonni yana shan irinsu ba ya yankewa rana ɗaya, sai dai likita ya riƙa rage masa a hankali. Mai shan su yanzu ta riƙe wannan da kyau.

Na tambaye ta zancen abinci, don ni ma da tsoron gyaɗa aka raine ni. Ta ce babu ƙwaƙƙwarar hujja a kan gyaɗa. Abin da aka fi ganin yana tayar wa wasu da kuraje shi ne yawan sukari, lemon kwalba, kayan fulawa (e, har da biredinmu na Agege), sai madara ga wasu mutanen. Ragewa ake yi a lura da jiki, ba horon yunwa ba. Ƙwayoyin ƙarin sinadari kuma, zinc na ɗan taimaka wa wasu, amma yawan bitamin B12 shi kansa yana iya fesar da kuraje.

Magungunan gaskiya ba ɓoyayyu ba ne, sunansu a rubuce yake a jikin kwali: benzoyl peroxide, salicylic acid, adapalene. Sai an yi mako shida zuwa takwas kafin a fara ganin sauyi, wata uku kafin a ce ya yi ko bai yi ba, kuma ko an samu sauƙi ana ci gaba da kula. Akwai mai ƙarfi, isotretinoin, wanda ke nakasa ɗan tayi idan mai ciki ta sha. Ku duba fa, amarya da ƙwayar da ba ta san sunanta ba.

Lambar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna) da ke manne a kwalbar, mai kemis ɗinmu ya bincika bai same ta ba. Mun haɗa ragowar kayan da shaidar tura kuɗi mun kai ƙara hukumar. Ita kuwa Dakta tuni ta toshe lambobinmu.

Ga yadda za ku gane ta: alkawarin "sati biyu fes", hotunan kafin da bayan shafawa waɗanda hasken ɗaki ma ba ɗaya ba ne, ba shago sai mai babur, in kin tambayi abin da ke cikin haɗin ta ce sirrin gida ne. Jiya wata maƙwabciyata ta nuna min sabon shafinta, hotunan nan dai ne, har an ƙara da na ƙanwata na kwana goman farko.

An ɗaga bikin zuwa bayan Sallah. Zafin fuskar ya lafa, baƙin tabon ne likita ta ce sai an yi watanni.