Na gwada tausar shiatsu a Tokyo

Wata takwas kenan ina karatu a Tokyo, kullum a duƙe gaban kwamfuta, har wuyana da kafaɗar dama suka riƙe. Abin ya kai ko sallamar sallah da ƙyar nake juya kai, sai na haɗa da ƙirji gaba ɗaya. Wani ɗan ajinmu ɗan ƙasar ya ce ai wannan katakori ne, ƙagewar kafaɗa, kusan duk ma'aikacin ofis a nan yana fama da shi, in je a min shiatsu. A yaren Japan kalmar "shi" yatsa kenan, "atsu" kuma dannawa.

Ni dai da farko ban so ba, don na ɗauka irin tausar nan ce ta tuɓe riga a mulke ka da mai. Ashe ba haka bane, da kayanka ake yi, ba mai ba komai, kuma na ce namiji nake so suka ce ba damuwa. Wannan kaɗai ya kwantar min da hankali.

Wurin ɗan ƙarami ne a saman bene kusa da tashar jirgin ƙasa, awa ɗaya yen 6,000, wallahi sai da kuɗin ya min ciwo. Aka ba ni fom na cike, ko ina da zazzaɓi ko karaya ko an taɓa min tiyata, sannan wani dattijo siriri ya ce in kwanta rub da ciki kan katifa. Da na gan shi na ce wannan ina zai samu ƙarfi. Tabɗi! Ya shimfiɗa ɗan ƙyalle a bayana, ya ɗora manyan yatsunsa biyu gefen ƙashin baya ya sakar musu nauyin jikinsa a hankali, ba murzawa ba matsawa irin tausar da muke wa iyayenmu a gida, dannawa ce kawai ya riƙe kamar daƙiƙa biyar ya saki ya matsa gaba kaɗan, kuma sai lokacin da nake fitar da numfashi yake danna. Da ya zo ƙasan allon kafaɗa na ji abin ya harba har cikin kunne, na ce wayyo da Hausa, yayi dariya ya ce itakimochii, wai zafi mai daɗi. Kalmar ta dace kam.

Akwai hoton wani tsoho a bango na tambaya, ya ce Tokujiro Namikoshi ne, wanda ya buɗe makarantar shiatsu a Tokyo a 1940, kuma tun yana yaro ya fara da danna wa mahaifiyarsa mai ciwon gaɓoɓi. Shi ma dattijon sai da yayi shekara 3 a makaranta ya ci jarrabawar gwamnati kafin ya samu lasisi, ya nuna min takardar a jikin firem.

Inda muka rabu da shi shi ne maganar cewa tana gyara jiki duka. Ya danna min ciki da tafin ƙafa yana bayanin wai akwai hanyoyin da ƙarfin jiki ke bi, in sun toshe sai ciwo ya zo, har da narkewar abinci da damuwa. Ni ɗalibin kimiyya ne, na dai gyaɗa kai kawai, wannan ɓangaren bai shige ni ba, kuma mai hawan jini ko suga kar ya ajiye maganinsa ya ce yatsa zai masa aiki.

Daren ranar nayi barci kamar an ɗauke ni. Washegari kuwa na tashi kamar an min dukan kawo wuƙa, har na fara cizon yatsa kan kuɗina, ashe sun san abin har suna gare shi, momikaeshi. Laifina ne ma, ya tambaye ni ko ya rage ƙarfi na ce ya ƙara, wai ni namiji. Kwana biyu ciwon ya sake, wuya ya juya lafiya lau, nayi sallama dama da hagu ba cije baki.

Sauƙin ya kai kusan sati biyu kafin kafaɗar ta fara dawowa da halinta, tunda ban daina duƙawa ba. In maki ne zan ba su 7 cikin 10, na cire uku saboda tsada. In alawus ya shigo ƙarshen wata zan koma, amma rabin awa zan ce, kuma kafaɗa kawai.