Littafin hirar Hitchcock da Truffaut: wata uku ke nan yana jakata

Na gwanjo na samu a hannun wani mai tsofaffin littattafai, bangon ya sha jiki, wasu shafuka biyu sun ɓalle sai da na liƙe su da gam. Ni ɗaukar bidiyon biki ce sana'ata, a gefe kuma ina ɗan taɓa gajerun finafinai da abokai, shi ya sa da na ga sunan shahararren daraktan fim Alfred Hitchcock a bango ban tsaya dogon ciniki ba.

Littafin hira ce zalla. A 1962 daraktan Faransa François Truffaut ya je Amurka ya zauna da Hitchcock kusan mako guda, Helen Scott tana yi musu tafinta, suka bi finafinansa ɗaya bayan ɗaya. Da Faransanci ya fara fitowa a 1966, nawa na Turanci ne. Wanda Turancinsa bai yi ƙwari ba zai ɗan sha wuya, ko da yake hotunan da suka cika shi suna rage nauyi.

Hitchcock ɗan mai sayar da kayan gwari ne, an haife shi a Leytonstone ta Landan a 1899. Da kansa ya ba da labarin yadda mahaifinsa ya aike shi ofishin 'yan sanda da takarda yana ɗan yaro, aka kulle shi na 'yan mintoci don a tsorata shi. Daga nan ka fahimci dalilin da ya sa finafinansa suka cika da mutumin da ake farauta kan laifin da bai ji ba bai gani ba. Harkar fim ɗin ma ta ƙofar baya ya shige ta, wajen 1920, yana zana rubutun da ake sakawa a finafinai marasa magana. Sannan ya yi aiki a Jamus, inda ya ga babban daraktan ƙasar, Murnau, yana ɗaukar fim, ya koyi ba da labari da haske da inuwa. A 1939 ya ƙaura Amurka.

Abin da ya biya ni kuɗina shi ne bayanin yadda yake aiki. Kafin ya taka lokeshin ya gama fim ɗin a takarda, an zana inda kyamara za ta tsaya da abin da za ta gani. Fitowar kisan banɗaki a Psycho na 1960, ya ce kwana bakwai aka yi ana ɗauka, an kafa kyamara sau 70, duk don abin da bai wuce daƙiƙa 45 ba. Na karanta wannan na tuna mu da muke zuwa lokeshin sannan a fara tambayar me jaruma za ta ce. Kunya ta kama ni, ba ƙarya.

Akwai kuma misalin bam. Mutum biyu na hira a tebur, bam ya tashi, 'yan kallo sun razana na daƙiƙa goma sha biyar, shi ke nan. Amma nuna musu bam ɗin tun farko da agogo yana tafiya, sai hirar banzan nan ta hana su numfashi minti goma sha biyar. A Suspicion na 1941 kuwa ƙwan fitila ya sa a cikin kofin madarar da miji yake hawa bene da shi, don ido ya maƙale a kofin, zuciya ta ce guba ce. Wannan na gwada da kofin kunu da fitilar waya a ƙarƙashi. Kunu ya yi kauri, hasken ya ƙi ratsawa, sai da muka tsinka shi da ruwa. Da na nuna wa ƙanwata a kwamfuta, ba wanda ya ce uffan a fitowar, amma ta dafe ƙirji ta ce, "Yaya, kar dai ta sha!"

Inda littafin ya gaza mini, Truffaut masoyi ne, ba kasafai yake matsa wa dattijon ba. Matar Hitchcock, Alma Reville, wadda ta riga shi shiga harkar kuma gwana ce a tace fim da gyaran labari, ba ta samu gurbin da ya dace da ita ba. Sannan in ba ka kalli finafinan ba, wasu babukan za su wuce ka kamar ana hira a ɗakin maƙwabta, ga shi kuma yana tona ƙarshen labari ba sassauci.

Shawarata, a kalli fim ɗaya sannan a buɗe babinsa. Haka nake yi yanzu, na kai kan Rear Window, kuma abokina da ya ari littafin kwana biyu sai da na bi shi har shago na karɓo.