Injin a-kori-kura ya buga: wanne za ka ɗora mata?

Ranar da injin a-kori-kurarka ya buga, ranar za ka san kana da masu ba da shawara. Wannan ya ce a sayo sabo, wancan ya ce a farke tsohon a gyara, wani kuma ya ce ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama, a cire na fetur a dasa na dizal. Su dai bakinsu kawai za su sa. Kai ne motarka za ta kwana a gareji, kai ne kayan mutane za su yi ta jiranka.

Sabo dal daga kamfani ba shi da abin kushewa sai kuɗinsa, wanda sau da yawa yakan kusa kamo darajar tsohuwar motar gaba ɗaya. In kana da hali, bismilla.

Dasa wani inji daban kuwa, bar wa masu motar wasa. Inji ba ya tafiya shi kaɗai: kwamfutar mota, wayoyi, kujerun inji, giya, tankin mai da salansa duk sai an taɓa su, kuma duk inda aka yi ƙari da walda nan ne matsala za ta riƙa ɓullowa.

Farke tsohon a sake gina shi hanya ce mai kyau in bulok bai tsage ba, in kuma ka sami mai injin wanki, wato mai injin goge ƙarfe ya daidaita shi, da ya san aikinsa. Gyara na gaskiya shi ne a auna silinda, a faɗaɗa ta in ta ci, a sa fistin mai ƙarin milimita 0.25 ko 0.50, a wanke karanshaf, a sa metal, wato 'yan ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, daidai da shi, a duba ko kan injin ya lanƙwashe. Abin da yawanci ake yi kuwa, a canza ringi da gaskit a rufe, a ce an gama. Wata shida hayaƙi ya dawo.

Ni dai zaɓina shi ne injin hannu mai lamba iri ɗaya da naka, wanda har yanzu yake cikin motar da ta yi hatsari, musamman wadda aka daka ta baya ko ta gefe. Dalilina ba ɓoyayye ba ne: motar nan tana cikin tafiya aka kashe ta, ba injin ne ya kai ta kwance ba. Ga agogon kilomita a gabanka kana karantawa. Ga sitiyari da kujera da fedar kuloci, in sun siɗe alhali agogo na nuna kilomita kaɗan, ka san akwai magana. Mafi muhimmanci, za ka iya sa batir a tayar da shi ka ji da kunnenka. Ka je da sassafe, ka ɗora hannu a kansa ka tabbatar da sanyi yake, don injin da aka ɗumama kafin ka iso yana ɓoye ƙarar metal da wahalar tashi. Ka tsaya a bayan salansa: hayaƙi shuɗi baƙin mai yake ci, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne ke shiga silinda, baƙi kuma fetur ko dizal ne ya yi yawa. Sannan bakanikenka ya cire fulogi ya auna matsin kowace silinda. In wata ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100, ka kama gabanka.

Ko lambar ma sai an lura. Ɗauki 2TR-FE na Hilux, mai lita 2.7, injin da nake ƙauna saboda bulok ɗinsa na ƙarfe ne kuma sarƙa yake amfani da ita wajen taimin maimakon bel. A 2015 Toyota ta sake masa tsarin bawul zuwa Dual VVT-i, suna bai canza ba amma na'urorin da wayoyin sun bambanta. Haka kwanon mai na mota mai jan ƙafa huɗu yakan bambanta da na mai ƙafa biyu. In naka dizal ne irin 2KD-FTV mai lita 2.5, ka sa a gwada nozul kafin ka biya, kuma ka canza bel ɗin taimin tun injin yana ƙasa. A kilomita 150,000 ake canza shi, kai kuwa ba ka san yaushe aka yi na ƙarshe ba.

Abin da ya sa nake nanata a ji inji yana aiki, na taɓa ƙonewa. Na sayi wanda aka riga aka sauke, yana zaune a kan taya, an wanke shi fes har yana ƙyalli. Mai shi ya rantse bai yi kilomita 60,000 ba. Na buɗe murfin mai na leƙa, tsaf. Aka ɗora, mako biyu lafiya lau. Ran nan ina hawa tudu da kaya, allurar zafi ta miƙe. Da muka buɗe lagireto injin na aiki, sai ga kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya kamar tukunya za ta tafasa. Kan injin a tsage yake tun asali, an ɗura masa maganin toshe yoyo ya riƙe na ɗan lokaci. Da na koma, sai aka nuna mini cewa garantin na kwana bakwai ne.

Tun daga nan na daina yarda da inji mai tsabta. Ƙura da tsohon maiƙo shaida ne, suna nuna maka inda yake yoyo da inda ba ya yi. Wanda aka wanke aka fesa wa fenti, shaidar aka goge. Ka duba kawunan notunan kan inji da na kwanon mai, in sun sha sifana ko ka ga gam ya tsattsafo ta gefen gaskit, an taɓa buɗe shi, ko da an ce maka ba a taɓa ba. Ka murza man tsakanin yatsunka, in ya yi kauri kamar zuma, an zuba ne don ya danne ƙara. Ka nemi a kwance kwanon mai a gabanka, ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ƙasansa metal ne ke narkewa. Mai kayan da ya hana a kwance ya riga ya ba ka amsa.

Sai tatsuniyar da ake yawan yi, wai a Japan doka ce a cire inji in ya kai wasu kilomitoci. Babu wannan dokar. Abin da ke akwai shi ne binciken lafiyar mota mai tsada da ke sa mutane rabuwa da motoci da wuri. Inji ba shi da agogo a jikinsa, duk adadin da aka faɗa maka bayan an sauke shi, baki ne ya faɗa. Lambar da ke jikin bulok kuma, in ka ga an goge ta ko an sake bugawa, kada ka taɓa, wataƙila na sata ne. Ka sa a rubuta ta a rasit, tare da kwanakin garanti, kuma a fara ƙirga su daga ranar da aka ɗora injin, ba ranar da ka biya ba.

Kafin a ɗora, ka tambayi bakanike abin da ya kashe na farko. In zafi ne, a canza lagireto ko a wanke shi sosai, a sa sabon famfon ruwa da tamostat. In metal ne ya narke, na'urar sanyaya mai da bututunta suna cike da garin ƙarfe, kada a mayar da su jikin wanda ka sayo.