Kafin ka sayi madubin duba ƙwarin ruwa

Ƙanena da ke karanta bayoloji a Jami'ar Danfodiyo ya zo da wani ɗan ƙwaro baƙi cikin kwalba, ƙasan dam ɗin Goronyo ya ciro shi jikin dutse inda ruwa ke gudu, yana zaton Elmidae ne, wato wani dangin ƙananan ƙwarin ruwa, ya ce Yaya wane madubi zan saya in tabbatar?

To wanga ƙwaro bai kai ƙwayar shinkafa ba, galibinsu milimita 2 zuwa 4 ne, ba ya ninƙaya, da dogayen farata yake maƙale dutse, kuma ba ya hawowa shan iska don akwai siririyar iska manne da gashin jikinsa, da ita yake numfashi. Shi ya sa galibi a ruwa mai gudu mai tsabta ake samunsa, mu kuwa gulbinmu na Rima yawanci yashi ne da laka.

Gilashin hannu mai 10x, wato mai ƙara girma sau goma, shi na ce ya fara saye. Arha, ba ruwansa da wuta, yana shiga aljihu, a bakin gulbi zai nuna maka dogayen ƙafafu da faratan nan ka san dangin. Mai 20x sai ka kusa manna ido da abin, haske ya ragu, ni ban so shi. Wanda ake maƙalawa a kyamarar waya kuwa na hoto ne kawai.

Wanda nake jan kunne a kai shi ne maikuroskof ɗin USB da ake rubuta 1000x a kwali, wallahi kar lambar ta ruɗe ka, hoton kawai yake kumburawa a sikirin, ga fitilarsa tana ƙyalli a bayan ƙwaron ta ɓoye layukan da kake nema.

In sunan nau'in kake so, dangin nan na da nau'i wajen 1,500 a duniya, sai maikuroskof mai ido biyu, sitiriyo, da ke kaiwa 40x, shi ke nuna tudun da ke bayan kai da ɗigon fukafuki, kuma sau da yawa sai an ciro al'aurar namijin an duba sannan a yanke. Yana da tsada, ɗalibi gara ya roƙi na lab. In za ka saya nemi mai fitilar caji da murfi saboda ƙurar hunturu.

Ƙwaron dai na ce ya zuba shi a itanol kashi 70, ya rubuta wuri da rana da fensir a 'yar takarda ya jefa ciki, biro wankewa yake.