Kalkuletar Aro Mai Lamba 17

'Yan uwa na gida, kun sha tambayata yadda karatun yara yake a nan, ni kuma kullum sai in ce "sai godiya" in wuce, don labarin ya fi ƙarfin kiran waya na minti biyar. Bana dai wani abu ya same ni a makon komawa makaranta, ya tsaya mini a rai har yau, shi ya sa na zauna na rubuta.

'Yar farina ta shiga aji 10 a watan Agusta, a nan Kolombus ta jihar Ohayo. Sakandaren Amurka shekara huɗu ce, daga aji 9 zuwa 12, ɗan aji 10 kuma "sofomo" suke ce masa. In an ƙirga shekarun karatu, daidai yake da SS1 ɗinmu. Waɗanda suka riga mu zuwa sun faɗa mini cewa aji 9 shekarar baƙunta ce, kowa lallaɓa yaro yake yi, a aji 10 ne ake sakin hannunsa. Kuma a nan ba a jiran wata babbar jarrabawa guda ta ƙarshe kamar WAEC ko NECO ta yanke wa yaro hukunci. Makin kowane darasi tun daga aji 9 tara shi ake yi a kundi ɗaya, a fitar da matsakaicinsa da suke kira GPA, kuma shi jami'o'i ke fara dubawa. Yaron da ya yi wasa bana, tabon zai bi shi har ƙofar jami'a.

Makaranta ta turo jerin kayan da za a saya ta imel. Muka jira kwanakin da jihar kan ɗage harajin sayayya a watan Agusta, muka tafi wani babban kanti ni da ita. Wannan haraji na daga cikin abubuwan da har yau ban saba da su ba: kuɗin da aka rubuta a jikin kaya daban, wanda za ka biya a gaban mai karɓar kuɗi daban. Ciniki kuwa babu shi. Ba "nawa za ka bari", ba "albarka", ba gyara. Littattafan rubutu da biro da fensir dai arha ne ƙwarai a wannan lokaci, har na yi mamaki. Sai muka zo kan abu na ƙarshe a jerin: kalkuleta mai zana hoton lissafi, wadda malamar aljebra ta ce kowane ɗalibi ya zo da ita. An kulle ta a cikin akwatin gilashi kamar gwal. Kuɗinta ya haura dala 100. Ku buga da canjin yau ku gani.

A watan nan na biya haya, na biya inshorar mota, na tura kuɗin asibitin Hajiya. Na tsaya ina kallon gilashin nan, yarinyar ta kalli fuskata sau ɗaya ta ce, "Abba, bar shi kawai, akwai irinta a waya." Ni da ita duk mun san makarantarsu ba ta barin waya a aji. Muka fito ba wanda ya ƙara cewa uffan har gida.

Kwana biyu bayan an koma, aka kira iyaye taron yamma. Tsarinsa shi ne a ba ka jadawalin ɗanka, ka bi azuzuwansa ɗaya bayan ɗaya, ana kaɗa ƙararrawa duk bayan 'yan mintoci, domin a nan ɗalibai ne ke bin malamai ɗakunansu, malami ba ya tashi. Tun a mota nake shirya maganar da zan yi wa malamar lissafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tsara ta yadda muke tsarawa in za mu shiga ofishin ma'ajin makaranta a gida: a fara da doguwar gaisuwa, a kawo halin rayuwa, a kawo rashin lafiyar tsohuwa, a roƙi alfarmar mako uku, a rantse. Na jira har sauran iyaye suka fice, don kada wani ya ji.

Ban kai ga rashin lafiyar Hajiya ba. Ina cewa "maganar kalkuleta ce", matar nan ta juya ta buɗe wani kabad a bayanta. Ga su nan jere a cikin kwando, kowace an rubuta mata lamba da farin fenti. Ta ɗauko mai lamba 17, ta danna ta ga tana kawo wuta, ta rubuta sunan yarinyar a wata takarda, ta miƙo mini. Ta ce a dawo da ita a watan Mayu in an gama shekara. Na tambaye ta nawa zan ajiye na jingina. Ta ce ba komai. Na ce ko in kawo takardar albashi ta ga halin da ake ciki. Ta ce ba ta bukata, ai don haka aka saye su, kuma ba 'yata kaɗai ta karɓa ba.

Sai ta ƙara da abin da ya ƙarasa ni. Ta ce, "Ba ni labarin 'yarka. Me ta fi iyawa? Me kake alfahari da shi a kanta?" Ku da kuka san mu, kun san abin da ta nema. 'Yar fari ce. Sunanta ma ban cika kamawa a gaban mutane ba, balle in tsaya in yabe ta a gaban baƙuwa. Mahaifina har ya koma ga Allah ban ji ya yabi Yaya a gaban kowa ba, kuma duk mun san ya fi ƙaunarsa. Na yi shiru, bakina ya yi nauyi. Da ƙyar na ce yarinya ce mai haƙuri, kuma ita ke koya wa ƙannenta karatu da dare. Matar ta rubuta wannan ma a takardarta.

Da na koma mota na daɗe ban tayar ba. Abin da ya dawo mini shi ne ranar korar kuɗin makaranta. Ba sai na kwatanta muku ba, kowannenmu ko an kore shi ko ya ga an kori na kusa da shi. A kira suna a asembili, yaro ya fito gaban ɗaruruwan 'yan uwansa ya ɗauki jaka ya nufi ƙofa, wani lokacin har da bulala, kan bashin da ba shi ya ci ba. An yi mini sau biyu ina aji uku, kuma har yau ina iya tuna takalmin da ke ƙafata a ranar. Bara ɗan ƙanwata aka maido shi gida saboda kuɗin PTA da tsintsiya. Tsintsiya fa! Yaro ya rasa darasin yini guda a kan abin share aji. Me muke koya wa yaro in muka kunyata shi a kan talaucin ubansa? Malaman da ke yin haka su ma iyaye ne, su ma sun san yadda wata ke yi wa mutum tsawo. Na san makarantun kuɗi da kuɗin suke biyan albashi, ban ce a yafe ba. Amma a kira uban, a yi magana da shi a ofis a rufe ƙofa. Shi ya ci bashin.

Sai dai kuma in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka. Na tambayi kaina: da a ce an ajiye kwandon nan a makarantar unguwarmu, guda nawa za su dawo a ƙarshen shekara? Mu ne muke ganin bencin makaranta a gidan biki ba mu ce komai ba. Mu ne ake naɗe mana ƙosai da shafin littafin da ke ɗauke da hatimin laburare. "Kayan gwamnati ne" muke cewa, kamar gwamnati wata baƙuwa ce da ta zo ta yar da kayanta a hanya. Malamin da ya san ba za a dawo da abu ba, dole ya ƙi bayarwa. Uban da aka wulaƙanta shi ma ba ya jin nauyin makarantar a ransa. Haka muka yi ta zaga juna.

Kada ku ɗauka kyauta ce ta faɗo daga sama. Makarantun gwamnati a nan wani babban kaso na kuɗinsu daga harajin gidajen unguwa yake fitowa, ɗan haya ma yana biya ta cikin kuɗin hayarsa ko bai sani ba. Shi ya sa adireshinka ne ke zaɓa wa ɗanka makaranta, kuma makarantar unguwar masu hali ba ɗaya take da ta unguwar talakawa ba. Na san mutanenmu da suka matsu a ƙaramin gida mai tsada don kawai yaransu su faɗa ɓangaren makaranta mai kyau. Amma littattafan karatu aro ne, kwamfutar tafi-da-gidanka da aka ba 'yata aro ce, bas mai ruwan ɗorawa da ke ɗaukarta da sassafe ba a biyan ko sisi, kuma in ta tsaya ta fito da alamar tsayawa, motocin da ke bayanta dole su tsaya cak sai yara sun gama hawa. Har akwai wani tsari a Ohayo da ɗan sakandare zai ɗauki kwas na kwaleji kyauta tun kafin ya gama, muna duba mata shi don baɗi.

Inda Amurka ta gajiyar da ni shi ne sutura. Makarantarsu ba yunifom, kuma da na ɗauka sauƙi ne. Ashe yunifom rufin asiri ne. A nan kullum sai an yi tunanin abin da za a sa, ana kallon takalmin kowa. Neman doguwar riga mai dogon hannu wadda ba ta kama jiki ba, ga yarinya 'yar shekara 15, a kantunan nan lokacin zafi, aiki ne na yini guda. Da muka samu siket ɗaya ya yi mata tsawo, muka kai a rage, kuɗin ragewar ya kusa kuɗin siket ɗin. A ranar na yi kewar Kantin Kwari har cikin ƙashina. Ka shiga da safe ka zaɓi yadi, a yanka maka, a yi maka ragi don an san babanka, ka miƙa wa telan bakin layi, jibi ka karɓi kala uku daidai jikin yarinya. Wallahi telolinmu ba su san darajarsu ba, mu ma ba mu sani ba, shi ya sa muke ja musu rai a kan ɗan abin da ba ya sayen kofin shayi a nan. Allah ya saka wa 'yan uwanmu Somaliyawa, waɗanda suke da yawa sosai a garin nan. A shagunansu muke samun hijabi da abaya da naman halal, a nan ne kaɗai kuma nake jin ana ɗan taɓa ciniki.

Takardu ma ba su ƙarewa. Yarinyar ta ce tana son shiga ƙungiyar gudu, aka ce sai likita ya duba ta ya cike fom. Na kira asibiti, aka ba ni rana bayan mako uku. Ga wata manhaja a wayata da ke nuna mini makin kowane aikin gida da kowane latti, wani lokacin tun kafin yarinyar ta iso gida. Farko na ji daɗinta, daga baya na ga ta mai da ni ɗan sanda, tana shigowa tambaya ce ke tarbarta kafin sannu da zuwa. Mahaifiyarta ce ta ce in rage, yanzu ranar Juma'a kaɗai nake buɗewa. A watan Oktoba akwai jarrabawar gwaji ta PSAT, share fagen SAT da ake yi don shiga jami'a.

Babbar rigimar gidanmu yanzu tuƙi ce. Dokar Ohayo ta yarda yaro ya karɓi takardar koyon tuƙi yana shekara 15 da rabi. Kafin ya samu lasisi sai ya yi awa 24 na darasi, awa 8 da malamin tuƙi, da awa 50 tare da uba ko uwa, 10 daga ciki da dare. Ƙawayenta duk sun fara. Ni ban taɓa sitiyari ba sai da na haura 25. Na ce a bari tukuna, ta ce, "Abba, kai ne fa kake cewa ka gaji da kai ni da ɗauko ni daga atisaye." Gaskiyarta. A gida da ba a yi wannan magana ba, akwai ɗan maƙwabci, akwai kawu mai babur, akwai mai adaidaita da aka sani. A nan maƙwabcina na shekara huɗu ban taɓa shiga ɗakinsa ba. Makaranta za ta ba ka aron kayan dala 100 ba ta san ka ba, amma babu mai shagon da zai rubuta maka sukari da madara a littafi zuwa ƙarshen wata, kamar yadda mai shagon ƙofar gidanmu ya yi wa Hajiya shekara da shekaru ba tare da mun taɓa ji a bakin wani ba.

Daren da na kawo kalkuletar, mai ɗakina ta juya ta a hannu ta ga lambar da ke bayanta, ta ce kayan aro ba ya rufe katara, mu tara mu saya mata tata. Na ce za mu saya in Allah ya hore, ko don ƙannenta da ke tafe, amma wannan sai ta koma yadda aka ba mu ita. Ba ta ce komai ba. Washegari na dawo daga aiki na tarar ta ciro ragowar ƙyallen atamfar da ta zo da ita daga Kano, ta ɗinka wa kalkuletar 'yar jaka da hannu, ta sa mata soso a ciki saboda faɗuwa. A ciki yarinyar ke ɗaukarta kullum. Na rubuta watan Mayu a jikin kalandar kicin, na zagaye shi da jan biro.