Darasin fizik na yamma a unguwar Zariya

Ƴata za ta rubuta bak, jarrabawar gama sakandare, bana, kuma fizik ne ke hana ta barci, musamman lissafin motsin da saurinsa ke ƙaruwa ko raguwa daidai wa daida kowace daƙiƙa. Wata uku ke nan da na sa ta darasin yamma wajen wani mushe, wato malami, a unguwar Zariya, jaka biyar a wata.

Ranar da na zauna na saurara, da misalin ɗan kabu-kabu mushe ya fara. Yana gudun kilomita 36 a awa, ya taka birki, ya tsaya cikin daƙiƙa 5: mita nawa ya yi kafin ya tsaya? Mushe ya hana kowa taɓa lissafi sai an raba 36 da 3,6, aka sami mita 10 a daƙiƙa. Sai ya ce a zaɓi inda ake kira gaba, don birki baya yake ja, shi ya sa ake rubuta -2, wato kowace daƙiƙa saurin na raguwa da mita 2 a daƙiƙa. Nan ne ƴata ke faɗuwa kullum, wallahi. Amsar ta fito mita 25.

Daga nan ya kawo dutsen da aka saki cikin rijiya: da 9,8 na jan ƙasa, daƙiƙa 2 na ba da zurfin mita 19,6. Ni ma da na bar lakwal tuntuni na gane.

Ɗakin dai ya yi musu kaɗan, ga zafi, kuma na baya ba sa ganin allo sosai. Na faɗa masa. Duk da haka na biya na wata mai zuwa.