Kifayen sun yi kyau, amma manhajar ta hana ni samun saƙon asibiti

Saboda hotunan fuskar waya masu motsi na sauke manhajar nan, kuma a wannan ɓangaren ba ni da ƙorafi. Na ɗora na kifaye, wanda in ka taɓa allo ruwan zai kaɗa, su watse su sake taruwa. Yarana har karɓar wayar suke yi don su kore su da yatsa. Da a nan ta tsaya, tauraro huɗu zan ba ta.

Sai dai a cikinta akwai abin da suka kira mai tattalin batir. Tun ranar farko ya nemi izinin sarrafa allon wayar, ya kuma nemi a cire shi daga jerin manhajojin da waya ke taƙaita wa shan caji, wai don ya yi aiki sosai.

Daren da aka kwantar da mahaifiyata a asibiti, ƙanwata ce ta kwana wurinta, muka yi da ita duk abin da ake ciki ta turo mini saƙo. Na kwanta cajina ya haura rabi, wayar tana gefen kaina. Da na farka caji saura ƙiris, bayan wayar da zafi kamar an manta ta a rana, kuma babu sanarwa ko ɗaya. Har na ce alhamdulillahi, an kwana lafiya. Ina buɗe WhatsApp sai ga saƙonni suna ta zubowa: jikin Mama ya tashi cikin dare, an sauya mata ɗaki, likita yana neman takardar gwajin da ke cikin jakata. Ƙanwata ta yi ta rubuta "Yaya, kana ina?" Ban gama rubuta amsa ba wayar ta ɗauke. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Da hankali ya kwanta na shiga saitunan batir, sai na ga manhajar nan ce a sama wajen shan caji. Da izinin da ta karɓa take bi tana tsayar da sauran manhajoji da ƙarfi, kuma a Android duk manhajar da aka tsayar haka ba ta karɓar sanarwa sai ka buɗe ta da hannunka. Abin takaicin, wayar ba ta ma buƙatar wannan taimako. Tun Android 6 na 2015 akwai tsarin Doze da ke kwantar da manhajoji in an ajiye waya, kuma daga wannan tsarin ne ita ta cire kanta, ta kwana tana aiki.

Duk da haka na so in bar kifayen, in kashe mai tattalin kawai, don ina son su. Allon wayata AMOLED ne, inda baƙi yake ba ya cin wuta, shuɗin ruwan nan mai haske kuwa kowane lungu sai ya kunna. Na ce zan jure wannan. Abin da na kasa jurewa shi ne talla: kana sa waya a caji bidiyo zai rufe allo da ƙara, maɓallin rufewa ɗan mitsitsi a kusurwa, data kuma tana tafiya. Na rubuta wa masu manhajar duk abin da ya faru a daren nan, har da maganar asibiti. Amsar da ta dawo ta na'ura ce, wai in biya kuɗi a cire mini talla.

Na goge ta, na sa baƙin hoto mara motsi, yanzu caji yana kai ni dare. Tauraro ɗaya, kuma duk mai jiran saƙo mai muhimmanci kada ya ba ta izinin nan.